HAYAR GIDA A YAMAI: KUƊI NA MAI GIDA, YOYO NA ƊAN HAYA

A ƙasashen da sanyi ke kisa, ba a doguwar gardama a kan wanda ya wajaba ya gyara na'urar ɗumama ɗaki idan ta mutu a gidan haya. A Faransa, dokar ranar 6 ga watan Yuli na shekarar 1989 ta tilasta wa mai gida ya ba ɗan haya mazauni mai mutunci, wata doka kuma ta watan Janairu 2002 ta lissafa abin ɗumama ɗaki a cikin sharuɗɗan wannan mutunci. Birnin Yamai bai san irin wannan rigima ba. Ɗarin Disamba da Janairu kaskon gawayi da bargo sun ishe shi, su kuwa kayan ɗan haya ne, da su ya shigo, da su zai fita. Abin da ke halaka mutane a nan shi ne ruwan sama: kwanon rufi da ya huje, indararo da ya karye, bango da ya sha ruwa ya tsage, salga da ta cika ta tumbatsa cikin tsakar gida. To, tambayar dai ɗaya ce, a Faris ko a Bukoki: idan gidan haya ya lalace, aljihun wa za a taɓa?

Doka ba ta bar wannan tambaya babu amsa ba. Kundin dokokin zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa, wanda asalinsa ya koma shekarar 1804, ya yi bayani filla-filla. Aya ta 1719 da ta 1720 sun ɗora wa mai gida nauyin miƙa gida cikin kyakkyawan hali, da kuma yin duk gyaran da ya zama dole muddin ana cikin haya, ban da ƙananan gyare-gyare. Waɗannan ƙananan su ne aya ta 1754 ta jera wa ɗan haya, kuma abin dariya, farkon abin da ta ambata shi ne murhun jin ɗumi na cikin ɗaki, wanda ba a taɓa ginawa a Talaje ko Lazare ba. Sauran dai kowa ya san su: gilashin taga, kuba da sakata, yaɓen gindin bango, daɓen da ya ɗan farfashe. Ko su ɗin ma, aya ta 1755 ta ce ba su hau kan ɗan haya ba idan tsufa ne ya kawo su, ko wani abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Aya ta 1756 kuwa kamar don gidajen haya na Yamai aka rubuta ta: yasar rijiya da kwashe salga aikin mai gida ne, sai fa in an rubuta akasin haka a yarjejeniya. Mutum nawa ne cikin masu karo-karon kuɗin motar kwashe salga suka taɓa jin wannan aya?

Bugu da ƙari, a ranar 18 ga watan Afrilu 1996, wata uku bai cika ba da juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara, an sa hannu a kan doka mai lamba 96-016 wadda aka keɓe wa sha'anin haya kaɗai. Ashe ke nan ba takarda ce ta yi ƙaranci ba. Ma'aikacin gwamnati da ke buga takardun hukuma tun safe har azahar, shi ne da maraice zai koma gidan da ya kama da fatar baki, babu yarjejeniya a rubuce, babu shaida sai dillalin da ya riga ya karɓi la'adarsa ya yi gaba.

Amsar da ɗan haya ya saba ji idan ya kai kuka ita ce: "In ba ka iya zama, ka tashi." Wasu masu gidaje har suna jingina wannan magana da addini, kuma ya kamata a duba ta da adalci, domin tana da tushe. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, ba a tilasta wa mai gida yin gyara. Amma malaman ba su tsaya nan ba. Sun ce idan ɓarnar mai cutarwa ce, kuma misalin da suka kawo shi ne yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi: ya warware haya ya fita, ko ya zauna ya biya. Wanda ya warware kuwa ba ya biyan kwanakin da bai zauna ba. Mai gidan da ya karɓi kuɗin wata uku ko fiye tun kafin a ba da kuba, sannan ya ce a tashi ba tare da ya mayar da ko dala ɗaya ba, rabin hukuncin ya ɗauka, wanda ya yi masa daɗi, ya bar ɗaya rabin a cikin littafi.

Sannan zaɓi yana amfani ne ga wanda ke da wurin zuwa. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su kai dubu 400 ba. A ta 2012 sun haura miliyan ɗaya. Gidaje ba su bi wannan gudu ba. Magidanci mai mata da ƴaƴa biyar, a tsakiyar watan Agusta, ina zai kwashe kayansa ya nufa, da wane kuɗi zai biya sabon dillali da sabon kuɗin somin haya? Sai ya jera bokiti da tasa a ƙarƙashin yoyo, ya shimfiɗa leda a kan rufi ya danne da tsofaffin tayoyi. Duk wanda ya leƙa unguwannin talakawa daga saman bene ya ga waɗannan tayoyi, kowace ɗaya shaida ce ta gyaran da aka ƙi yi.

Kuma lamarin ya wuce jiƙewar katifa. A watan Satumba 2020 kogin Kwara ya kai tsayin santimita 700 a Yamai, ya ɓalle madatsa, ya mamaye Lamorde da Karaje da Kirkisoy a hayin Harobanda. A damanar 2024 mutane kusan 400 suka rasu a faɗin ƙasar, fiye da miliyan ɗaya suka tagayyara, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Da yawa daga cikin mamatan ba kogi ne ya tafi da su ba, gini ne ya rufto musu. Ambaliya ƙaddara ce, babu mai ja. Amma bangon ƙasa da ya shekara biyar ba a yi masa yaɓe ba, alhali ana karɓar kuɗinsa kowane ƙarshen wata, faɗuwarsa ba ƙaddara kaɗai ba ce.

Masu gidaje ma suna da nasu kuka, kuma ba ƙarya suke ba. Ba dukansu ne manyan alhazai ba. Akwai gwauruwar da ɗakuna huɗu ne abincin marayunta, akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba duk abin da ya tara a cikin bulo. Faɗuwar darajar sefa a watan Janairu 1994 ta tsauwala kuɗin kwano da siminti dare ɗaya, a daidai lokacin da gwamnati ke riƙe wa ma'aikata albashin watanni, su kuma suna riƙe wa masu gida kuɗin haya. A wancan zamani ne aka saba da mugun ciniki: kai ba ka biya a kan kari, ni ba na gyara. Akwai kuma ɗan hayar da ke zuba ruwan wanki a gindin bango, ya ɓalle ƙofa, ya gudu da dare ya bar bashin Nigelec. Wannan ya biya ɓarnarsa, doka ma haka ta ce. Sai dai zamanin bashin albashi na shekarun 1990 ya wuce, an kuma rage kuɗin siminti da umarnin gwamnati a watan Oktoba 2024, amma ɗabi'ar ƙin gyara ba ta ragu ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa wanda ya sayar da buhu a huje shi ke cika mudun da ya zube.

Abin da ɗan haya zai kiyaye shi ne kada fushi ya sa ya daina biyan haya da ra'ayin kansa, domin ranar da aka je gaban alƙali shi zai zama mai laifi. Hanya mafi tsira ita ce takarda: yarjejeniya a rubuce tun ranar shiga, da bayanin halin da aka tarar da rufi da bango da famfo da wayoyin lantarki, sanarwa a rubuce idan ɓarna ta auku, a gaban mai unguwa ko shaidu biyu, in an daidaita cewa ɗan haya zai yi gyara a cire daga kuɗin wata, a rubuta adadin jikkunan, a adana rasiɗin magini. In mai gida ya ƙeƙasa ƙasa, alƙali na da ikon ya yarje a yi gyaran a kan kuɗinsa. Aya ta 1724 ma ta tanadi ragin haya idan gyara ya daɗe ya hana mutum amfani da wani sashe na gidan.

Sauran aiki na hukuma ne. Yamai na da gundumomi biyar, kowace da ma'aikatan tsabta da na gine-gine. Me zai hana a cikin watan Afrilu da Mayu, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, su zagaya manyan gidajen haya masu iyali goma ko ashirin, su duba rufi da bango da salga, su ba mai gida wa'adi? Gwamnatin da ta san ƙofar mai gida ranar karɓar harajin gini ba za ta ce ta ɓace mata ranar duba rufi ba. Kuma Faransar da aka aro dokokinta ta hana korar ɗan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda sanyi. Watannin da suka yi daidai da waɗannan a Yamai su ne Yuli da Agusta da Satumba, kuma a cikinsu ne aka fi ce wa mai kukan yoyo ya tattara kayansa.