Ganuwar Teku da Haƙƙin Hanya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, fataken da suka daɗe suna sauka Ikko sun san ɓarnar da teku ya riƙa yi a bakin ruwan Bar Beach. Asalin abin kuwa shi ne katangun dutse da Turawa suka gina a mashigar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912, waɗanda suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma. Sai teku ya yi ta cin gaɓa, har ya kai ga malalowa kan titin Ahmadu Bello. Wajen 2009 aka shiga gina babbar ganuwar Eko Atlantic, da duwatsu da curin kankare mai nauyin tan 5 kowanne.

To, tsare gari daga ruwa aikin alheri ne. Amma Ikko ƙasar yashi ce da fadama, dutsen irin wannan aiki daga nesa manyan motoci ke ɗauko shi, bisa hanyoyin da tumatir da albasa da shanun Arewa ke bi. Mai dutse in ya kwana a hanya bai yi asara ba. Mai tumatir kuwa jarinsa ya ruɓe.

Saboda haka wajibi ne ga hukuma, duk inda za a yi irin wannan gini, ta tsara zirga-zirga tun ba a aza tubalin farko ba. A keɓe wa motocin dutse lokaci, daga bayan isha'i zuwa asuba. A gyara hanyar ratse kafin a toshe babba. A bar wa motar asibiti da ta kashe gobara mafita. A yi shela a rediyo da kasuwanni da harshen da mutane ke ji. An ga misali a 2020, sa'ad da aka gyara gadar Third Mainland: gefe guda aka rufe, ɗayan aka bar wa masu shiga tsibiri da safe, masu fita da yamma.

Malamai sun sani hanya haƙƙin jama'a ce, kuma kawar da cuta daga kanta ibada ne. Wanda ya tare ruwa ya toshe wa talaka hanyar abincinsa, gyaran gangar Auzinawa ya yi. Allah Ya sa shugabanni su lura. Wassalam.