Kishin Hera da Laifin Maigida

Duk wanda ya leƙa labarun allolin Girkawan dā, abin da zai fara ji game da Hera shi ne baƙin kishinta. Ita ce matar Ziyus, sarkin alloli, ita ce kuma mai tsaron aure a wurinsu, har sun gina mata manyan ɗakunan bauta a Argos da tsibirin Samos. Amma in an zo ba da labarinta, ba a tuna komai sai azabar da ta gana wa matan da mijinta ya nema da 'ya'yan da suka haifa. Muguntar kam ta yi ta, ba mai wanke ta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ƙirga laifinta ɗaya bayan ɗaya, mijin kuwa a wuce shi kamar ba a gidan yake kwana ba.

Labaran nan tatsuniyoyi ne na mutanen da suka bauta wa alloli da yawa. Mafi tsufan abin da ya iso mana a rubuce ya fito ne daga mawaƙa biyu, Homa da Hesiyod, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ko a cikin Girkawan an sami masu ƙyamarsu. Zenofanis, mutumin Kolofon, ya zargi mawaƙan biyu da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, masanin falsafa Aflatun kuma ya so a hana koya wa yara irin waɗannan labarai. Mu ba aƙida za mu nema a ciki ba. Zaman gida ne irin wanda Bagirke ya sani, ya ɗauka ya aza a kan dutsen Olimfus, mazaunin allolinsa.

Tun tushe a kan tsoro aka kafa gidan. Kuronus, uban Ziyus, da lauje ya yanke wa mahaifinsa Uranus mazakuta ya karɓe mulki. Da ya ji cewa shi ma ɗansa ne zai tumɓuke shi, sai ya riƙa haɗiye duk jaririn da matarsa Riya ta haifa, har guda 5. A haihuwa ta shida Riya ta naɗe dutse cikin zanen jariri ta miƙa masa, ta ɓoye Ziyus a wani kogo a tsibirin Karita. Ziyus ya girma ya kifar da uban bayan yaƙin shekara 10, sannan shi ma ya haɗiye Metis, matarsa ta fari, tana da ciki, saboda tsoro irin na ubansa. Hera tana cikin jariran da Kuronus ya haɗiye, daga baya ya amayo su. 'Yar'uwar Ziyus ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce ta bakwai, ta ƙarshe, a jerin matansa da Hesiyod ya kawo.

A duba waɗanda fushinta ya faɗa wa. Iyo budurwa ce mai hidima a ɗakin bautar Hera kanta. Ziyus ya neme ta, ta wayi gari an mayar da ita karsana, Hera ta sa mata ƙuda mai cizo ya yi ta korarta ƙasa zuwa ƙasa har Masar. Leto tana kan naƙuda ta yi ta yawo ba ƙasar da ta yarda ta sauke ta don tsoron Hera, sai ɗan tsibirin Delos. Alkimini kuwa ba ta ma san abin da ya faru ba, domin Ziyus siffar mijinta ya ɗauka lokacin da mijin yake wurin yaƙi. Ɗan da ta haifa, Herakilis, yana jariri Hera ta aika masa macizai biyu. Da ya girma ta sa masa hauka ya kashe 'ya'yansa da hannunsa, wanda shi ne sanadin wahalhalun nan 12 da ya yi suna da su. A cikinsu babu wanda ya isa ya ce wa Ziyus a'a.

To me ya hana ta fuskantar mai laifin? Homa ya ba da amsa a kashi na farko na waƙarsa Iliyad. Alloli suna zaune wurin liyafa, Hera ta tambayi mijinta da wa ya keɓe yana ƙulla shawara. Ya ce mata ta zauna ta yi shiru, in ba haka ba duk allolin da ke wurin ba za su iya ƙwatarta a hannunsa ba. Ta zauna cikin tsoro. Ɗanta Hefastus, gurgun maƙerin alloli, ya taso ya sa mata ƙoƙon sha a hannu yana roƙonta ta yi haƙuri, don ba ya son ya ga ana dukanta a gabansa. Ya tuna mata ranar da ya taɓa shiga tsakani, uban ya kama ƙafarsa ya wurgo shi daga sama, ya wuni yana faɗowa, sai faɗuwar rana ya dira a tsibirin Lemnos. A kashi na 15 kuma Ziyus da bakinsa ya tuna mata yadda ya taɓa rataye ta tsakanin sama da ƙasa, da uwar maƙera biyu ɗaure a ƙafafunta. Matar da aka yi wa haka ta san inda ƙarfinta ya tsaya, shi ya sa ta bar jaki tana dukan taiki.

Masu sauraron waƙar ba baƙon abu suke ji ba. A birnin Atina mace ɗaya ake aure, amma matar da aka kama da wani dole mijin ya sake ta, a kuma hana ta shiga wuraren bautar jama'a, alhali shi ba mai tuhumarsa a kan bayi mata da ƙwaraƙwarai.

Namu tsarin daban ne. Kishiya matar aure ce ta halas, ba daduro ba, kuma ba na haɗa auren sunna da lalatar Ziyus. Inda muka yi kama da su shi ne wurin ba da labari. Mun tashi da tatsuniyar bora da mowa, mun san makircin mowa da wahalar 'yar bora, amma da wuya mai tatsuniya ya tsaya a kan mutumin da ya mayar da ɗaya bora ɗaya mowa. Haka in aka ji matar uba ta azabtar da yaro, gari ya ɗauka da tsine mata, kuma ta cancanci hukunci. Sai dai uban yaron a gidan yake ci yake kwana, yana ganin ɗansa yana ramewa. Shari'a a wuyan miji ta rataya adalci, a rabon kwana da ci da sha da sutura, kuma hadisi ya yi gargaɗi cewa mai mata biyu da ya karkata ga ɗaya zai tashi ranar alƙiyama ɓarin jikinsa a karkace. Wurin sulhu kuwa yawanci matan ake tarawa a yi musu nasiha kan haƙuri, shi yana zaure.

Akwai wata 'yar'uwar Hera da ta bi wata hanyar, wato Dimita mai kula da hatsi. Tana da 'ya da Ziyus, Fasifoni. Uban ya ba da yarinyar ga ɗan'uwansa Hedis, sarkin matattu, bai gaya wa uwar ba, bai tambayi 'yar ba. Tana tsinkar furanni a fili ƙasa ta tsage, Hedis ya fito a keken dawakai ya sure ta tana ihu tana kiran babanta. Kwana 9 Dimita tana yawo da wuta a hannu, ba ci ba wanka. Da ta isa wurin Heliyos, wato Rana mai ganin komai, ya faɗa mata gaskiya cewa Ziyus ne ya ba da ita, sannan ya ƙara da lallashi: ta kwantar da hankalinta, surukin ba abin rainawa ba ne, ai kashi ɗaya cikin uku na mulkin duniya yana hannunsa. Iyaye mata da yawa a ƙasar nan sun ji wannan magana: ki yi haƙuri, gidan arziki ta shiga.

Dimita ba ta karɓa ba. Ta yi yaji daga Olimfus ta tare a Iliyusis, kusa da Atina, ta hana ƙasa tsiro shekara guda. Shanu suka yi ta jan garma a banza, iri ya mutu a ƙasa. Ziyus ya aiko 'yar aiken alloli, Iris, biko, ta ƙi. Ya aiko sauran alloli ɗaya bayan ɗaya da kyaututtuka, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga 'yarta da idonta. Tilas ya tura ɗan aikensa Hamis ya ɗauko yarinyar, amma Hedis ya riga ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, don haka aka yanke za ta riƙa yin sulusin kowace shekara a wurinsa.

Na fi ganin girman Dimita a kan Hera, domin ta san wanda ya yi mata laifi, ta faɗi buƙatarta guda ɗaya ta tsaya a kai. Amma ita ma manoman da ba su san hawa ba ba su san sauka ba ne suka kwana da yunwa, kuma Ziyus bai motsa don kukan 'yarsa ba, sai da ya ga hadayun da mutane ke miƙa wa alloli za su yanke. A duk sulhun da aka yi ba wanda ya tambayi Fasifoni abin da take so. Irin wannan aure ne Khansa'u bint Khidam, bazawara daga Ansar, ta kai ƙara gaban Manzon Allah (SAW) lokacin da mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, kuma Bukhari ya ruwaito cewa ya warware auren.