An rufe ramin ma'adini, to wa zai wanke ruwan?

Mu a nan Tenhya ba sai an gaya mana darajar ruwa ba. Da rani sai mutum ya wuni bakin rijiya, raƙumi na jan guga, kafin garke ya sha. Shi ya sa maganar gurɓataccen ruwan da ke fita daga wuraren haƙar ma'adinai da aka bari ta shafe mu, ko da ramin yana can Arlit. Da damina dabbobinmu har Ingal suke kaiwa lasar gishiri, samarinmu kuma da yawa suna Jado wajen neman zinariya.

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya tsai da haƙar uraniyom a Akuta, kusa da Arlit, bayan sama da shekara 40 yana aiki. Ma'aikata sun watse, amma dattin da aka tara, kimanin tan miliyan 20, yana nan jibge. An yi alkawarin lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu kaurin mita 2. To madalla. Sai dai tun 2010 ƙungiyar Greenpeace ta ba da rahoton cewa cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba a yankin, 4 sun zarce ma'aunin uraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya. Lulluɓe tudu aiki ɗaya ne, gyara ruwan da ya riga ya ɓaci a ƙarƙashin ƙasa wani aikin ne dabam.

Yadda abin ke faruwa ba wuyar ganewa. Dutsen da aka fasa, in ya haɗu da iska da ruwa, sai ya saki abin da ke cikinsa. Inda akwai ƙibiritu ruwan ya yi tsami, ya narkar da ƙarfe da dalma, ya bi korama ya mai da ita ja. Haka ya faru a Ingila: an rufe ramin kuza na Wheal Jane a 1991, aka kashe injinan jan ruwa, a Janairun 1992 ruwan ya ɓalle ya rina kogin Carnon har bakin teku. Suka gina wurin tacewa, ana zuba farar ƙasa tana kashe tsamin, ƙarfen ya kwanta a tabkuna, ruwa mai kyau ya wuce. Sama da shekara 20 ke nan ana wannan aiki, ba a gama ba. Wato ciwon yana da magani, amma sai da kuɗi da juriya. Farar ƙasa dai muna da ita, da ita ake siminti a Malbaza. Kowane guba da nasa magani, don haka awo ne farko.

Kada mu ce laifin duk na manyan kamfanoni ne. A 2010 dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida. A Bagega sai da aka kankare ƙasar gidaje a 2013 aka zuba sabuwa. Duk wanda ya kawo buhun dutse gida, ko ya wanke shi a tabkin da shanu ke sha, wannan hanyar ya ɗauko.

Ga abin da muke nema. Kada gwamnati ta ba kowa izinin haƙa sai ya ajiye kuɗin gyara tun farko, a asusun da ba zai iya taɓawa ba. A riƙa auna rijiyoyi da tabkunan da ke kan hanyar makiyaya, a karanta sakamakon a rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Tamashek. Magadan gari da hakimai kuma su hana wankin dutse a mashayar dabbobi.

Kamfani in ya gama ya tattara ya tafi, mu da garkenmu ba inda za mu. Ku tura wannan ga kansilolinku, ku tambaye su yaushe aka auna rijiyarku. Allah ya kare mana ruwanmu.