Miƙa wuya ga Ubangiji ba adashi ba ne 🧵

1/ Duk taron farkawa sai a ce wanda zai miƙa rayuwarsa ga Yesu ya fito gaba. Mu fito, mu durƙusa, mu sha kuka. Ni kaina na fita ya fi sau biyar. To ranar Litinin fa, ina miƙa wuyan yake shiga? A nan nake so mu tsaya yau.

2/ Mu faɗa wa juna gaskiya, da yawanmu adashi muke yi da Allah. Mu zuba baiko, mu zuba azumi, mu zauna jiran ranar kwasa: aiki, aure, biza. In wata uku suka wuce shiru, sai fushi, sai a koma wata majami'ar da aka ce can addu'a ta fi ci.

3/ Ku buɗe Matiyu 26. A Getsamani sau uku Yesu ya yi addu'a kan wahalar da ke gabansa, ya kuma bar wa Uba magana ta ƙarshe. Ba a ɗauke masa gicciyen ba. Miƙa wuya kenan: ka faɗi abin da kake so ba ɓoye-ɓoye, sannan ka yi biyayya ko amsar ba ta yi maka daɗi ba.

4/ A Tsohon Alkawari ragon hadaya sau ɗaya ake yanka shi, an gama. A Romawa 12 kuwa Bulus hadayar da ke numfashi yake nema. Gobe za ka farka da wayarka, da fushinka, da sha'awarka, da aljihunka, a sake tambayarka: na wa ne waɗannan?

5/ A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Ba su ga majami'a ko ɗaya ba. A lissafin adashi, asara ce tsantsa.

6/ Bingham ya koma gida, bai haƙura ba. Sai 1902 aikin ya samu wurin zama a Patigi. Daga wannan mishan ɗin, SIM, aka samu ECWA a 1954. Waɗanda suka shuka ba su ci ba. Ashe ana iya ba Allah abu ba tare da an ga ladansa da ido ba.

7/ Na kusa da mu kuma: Leah Sharibu. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 a makarantar Dapchi, jihar Yobe. Da aka dawo da sauran a watan Maris, suka ce an riƙe ta ne don ta ƙi barin bangaskiyarta. Shekararta 14 a lokacin.

8/ Muna sa hotonta, muna rubuta "in ni ne, haka zan yi". Anya? Wanda bai iya ƙin satar amsa a jarrabawa ba, bai iya ƙin ƙara sifiri a rasit ɗin ofis ba, da wane ƙarfi zai tsaya gaban bindiga? Sai an yi rarrafe kafin a yi gudu.

9/ Yawancinmu ba za a nemi jininmu ba. Za a nemi barcinmu, kuɗinmu da girman kanmu. Akwai wata mama a zumuntar matan cocinmu, shekara shida tana jinyar surukarta mai shanyewar jiki: wanka, kasa, tuwo a baki. Surukar da ba ta taɓa sonta ba fa. Ba ta taɓa hawa bagade ba da shaida ba.

10/ Amma a kula. Sadaukarwa ba ita ce ka kwashi kuɗin makarantarka ka kai wa wani don ya ce "ka shuka iri" ba. A Markus 12, kafin Yesu ya yabi gwauruwar da ta ba da 'yan kuɗinta biyu, sai da ya tsawata wa malaman da ke cinye dukiyar gwauraye. Ku karanta surar duka.

11/ Haka ke 'yar'uwa da ake duka a gida ana ce miki "gicciyenki ne". A'a. Ki nemi taimako, ki tsira da ranki. Ga Allah ake miƙa wuya. Azzalumi ba shi da wannan hakkin.

12/ Wani zai ce, to in ba riba me ya kai ni? Ai an riga an biya ka. Ceto ta wurin alheri ne, tun ba ka zuba ko kwabo ba. Abin da kake bayarwa yanzu godiya ce. Ɗan da ke yi wa uwarsa hidima ba ya rubuta mata bashi.

13/ Wannan makon kar ka ce ka miƙa "komai", wannan kalmar ba ta da tsada. Zaɓi abu ɗaya da ka ƙanƙame: gabar da ka ƙi yafewa, kuɗin da ba naka ba, lambar da ya kamata ka goge. Sake shi, kar kuma ka sa a status.

Allah ya ba mu ƙarfi, ni ma ina cikin layin. 🙏