Turunku: Birnin Kan Dutse da Ke Bayan Gidanmu

Mu mazauna Kaduna mun saba ƙirga tarihinmu daga 1917, shekarar da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Sai ka ce kafin zuwan Lugga babu kowa a wannan yanki sai kadoji. Alhali a Ƙaramar Hukumar Igabi, tsakaninmu da Zariya, ga Dutsen Turunku nan da kufan birninsa.

Tarihin baka ya nuna cewa a nan Bakwa Turunku ta zauna, wadda jerin sarakunan Zazzau ya sa hawanta sarauta wajen 1536, kuma ita ce ake cewa ta haifi Sarauniya Amina. An ce ƙarancin ruwa ne ya sa aka tashi zuwa Kufena. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a 1970, ya yi bayanin yadda duwatsu irin su Dala da Kufena da Turunku suka jawo mutane: tsaro daga mahara, ƙasar noma a gindinsu, da imanin cewa mazaunin iskoki ne. Da jama'a ta yawaita, sai aka ja ganuwa, ƙauye ya zama birni.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba. A kudancin Ingila akwai Maiden Castle, sansanin kan tudu da aka fara ginawa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ake dangantawa da al'ummar Kelt. Mortimer Wheeler ya haƙa shi daga 1934 zuwa 1937, kuma har yau hukuma na kula da shi, ɗalibai na ziyarta. Gine-ginensa tudun ƙasa ne da gwalalo, kamar namu. Bambancin kawai, su sun riƙe nasu.

Ganuwar ƙasa ba ta jure sakaci. Ruwan sama na zaizayarta, garma na cinta, masu ɗibar ƙasa na ƙarasa saura. Ita kuwa shaidar da ke binne, in aka tone ta ba bisa ƙa'ida ba, ta tafi har abada.

Shawarata ga gwamnatin jiha da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ita ce a shata iyakar wurin, a zana taswirarsa, a ɗauki masu gadi daga mutanen garin. Jami'o'inmu kuma su riƙa kai ɗalibai can, kada a tsaya ga gidan tarihi na titin Ali Akilu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.