Jarrabawar kwamfuta da makomar jami'o'in Najeriya

Tun daga shekarar 2015 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta Najeriya, JAMB, ta yi watsi da takarda da fensir, ta koma amfani da kwamfuta gaba ɗaya.

Hukumar, wadda aka kafa a 1978, ta ɗauki wannan mataki ne domin magance satar amsa da kuma jinkirin fitar da sakamako. Bisa ga dukkan alamu an samu ci gaba ta waɗannan fuskoki biyu.

Sai dai abin da ya faru a 2025 ya nuna cewa na'ura ma tana da nata tuntuɓen. A watan Mayun shekarar, shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa wata tangarɗa ta shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Sai da aka sake musu jarrabawar.

Tun kafin wannan bayani, alƙaluman hukumar sun nuna cewa fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi, daga cikin kusan miliyan biyu da suka zauna, ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Me ake aunawa?

Babbar tambayar ita ce ko jarrabawar tana auna ilimin ɗalibi ne ko kuwa sabonsa da na'ura. Yaron da ya fito daga makarantar ƙauye marar wutar lantarki, wanda zai fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa, ba za a haɗa shi da na birni ba, ko da kuwa ya fi shi karatu. Wannan matsala ta fi ƙamari a yankunan karkara, ciki har da na arewacin ƙasar.

Haka kuma tambayoyin zaɓi-ɗaya ba sa nuna ko ɗalibi zai iya tsara hujja ya rubuta ta. Su kansu jami'o'in sun daɗe da nuna shakku kan makin JAMB, abin da ya sa suka ɓullo da tasu jarrabawar tantancewa a 2005.

Fitowar manhajar ChatGPT a ƙarshen 2022 ta ƙara dagula lamarin, domin a yanzu na'ura na iya rubuta aikin gida ko babin kundin digiri cikin 'yan mintoci. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai a aji guda ba shi da sukunin gane wanda ya yi da kansa.

Mafita ɗaya ita ce a ƙarfafa jarrabawar baka da aikin da ake yi a gaban malami. Amma hakan na buƙatar ƙarin malamai da kuɗi, batun da ya sa ƙungiyar ASUU ta shafe watanni takwas tana yajin aiki a 2022.

Muddin ba a cike wannan giɓi ba, masu ɗaukar ma'aikata za su ci gaba da shakkar takardar digiri, kuma 'ya'yan talakawa, waɗanda ba su da wata shaida sai ita, su ne za su fi ji a jikinsu.