Cutar da Dutse Ke Bari a Ƙirji

Mu da Allah Ya zaunar a gindin duwatsun Garu muna iya barci da kwanciyar rai, domin duwatsunmu ba masu aman wuta ba ne. Amma wanda ya san labarin tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda ke kwance a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya san cewa musibar dutse ba ta ƙarewa ranar da aka yi jana'iza. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin ya fesar da iskar da ke shaƙe numfashi, ta gangara kan ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ta halaka mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500. Waɗanda suka farka a tsakanin gawawwakin iyalansu, cikinsu har da Fulani makiyaya da suka rasa dangi da garke a dare guda, an kwashe su zuwa sansanoni, inda suka shekara da shekaru cikin baƙin ciki da begen ƙasarsu, alhali duniya ta ƙidaya matattu ta wuce.

Ita kuwa tokar aman wuta, illarta a hankali take bayyana, domin tana tayar da asma da tari, kuma wani lokaci tana ɗauke da ƙwayoyin silika masu taurara huhu, abin da ya tayar da hankalin likitoci a tsibirin Montserrat bayan dutsensa ya farka a 1995. To, wannan silika ɗin, alal haƙiƙa, ita ce ke cikin ƙurar da masu fasa dutse a kewayen garin nan suke shaƙa daga hantsi zuwa la'asar ba tare da takunkumi ba, kuma huhun da ta taurara ba ya komawa yadda yake, sai ma ya buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Malamanmu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin manyan manufofin Shari'a. Saboda haka nake ganin wajibi ne hukuma ta riƙa ɗaukar hoton ƙirjin waɗannan bayin Allah masu fasa dutse a asibitin Rasheed Shekoni lokaci bayan lokaci, ta kuma tilasta yayyafa ruwa a wuraren fasa dutse. Haka nan, da darasin Nyos a zuciya, waɗanda suka tsira daga gobarar tankar mai ta Majiya a Oktoban 2024, hakkinsu ne a bi su har gida a tambayi barcinsu da firgicinsu, a haɗa masu buƙata da likitocin ƙwaƙwalwa na Kazaure.